WAƘAFI: KALMA ƊAYA, MA'ANA UKU A GARIN KEFFI

Daga Wakilinmu na Arewa

KEFFI: Duk wanda ya zaga garin Keffi cikin yini guda zai iya jin kalmar "waƙafi" a wuri uku, kowane wuri da tasa manufar. A Kwalejin Gwamnati malami zai ce wa yara su sa waƙafi a tsakiyar jimla. A zauren malamai za a ce wane ya ba da rijiyarsa waƙafi. A bakin kotu kuwa sai a ji an ce an kai wane gidan waƙafi.

Asalin kalmar Larabci ne, watau "waƙf", ma'anarta tsayawa ko tsayarwa. Da wannan sai ma'anonin uku su haɗu. Mai karatu yakan tsaya ya numfasa. Dukiyar da aka bayar saboda Allah takan tsaya, ba a sayarwa, ba a gado, kamar yadda Sayyadina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Wanda ake tuhuma kuma ana tsare shi har ranar shari'a.

Tun kafin zuwan boko malamanmu sun san waƙafi wajen karatun Alƙur'ani, domin tsayawa inda bai dace ba kan juya ma'ana. Wani malamin Maroko, Al-Habɗi, wanda ya rasu a 1524, shi ya tsara wuraren tsayawar da ake bi a ruwayar Warshu ta ƙasashen Magrib. Saboda haka da boko ya kawo 'yar alamar nan mai wutsiya, ba a sha wahalar raɗa mata suna ba. Ita ma "aya" ta ƙarshen jimla daga makarantar allo aka aro ta.

Abin mamaki, Larabawa masu kalmar ba haka suke kiran alamar ba. Su "fasila" suke cewa, watau mai rabawa. Turawan Ingila suna cewa "koma", daga Girkanci, ma'ana guntun da aka yanke, kuma maɗaba'ar Aldus Manutius ta birnin Banis ce ta yaɗa siffarta wajen 1500. Ashe Bature yanka ya gani, Balarabe rabuwa, Bahaushe kuwa numfashin mai karatu. A Turkiyya "wakif", a Indunisiya "wakaf", a bakin Sawahili "wakfu", duk an fi sanin su da ma'anar sadaka mai gudana.

Kada 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal su ɗauki wannan hirar malamai ce kurum. A ce wani ya aika wa ƙanensa saƙo gida game da gonar gado: "Kada ka sayar, ka ba Audu." Nan Audu ya sami gona. In aka cire waƙafin ya zama "Kada ka sayar ka ba Audu", to, an hana sayarwar, an kuma hana Audu kuɗin. Irin wannan ne kan kai 'yan gida ɗaya gaban alƙali.

Saboda haka mai rubuta wasiƙa ko saƙon waya, ya karanta da ƙarfi kafin ya aika. Inda numfashinsa ya tsaya, nan ne muhallin waƙafi. Gara a sa shi a takarda da a je a kwana a gidansa.