LAMBA ƊAYA KO LAMBA BIYU? YADDA AKE YANKE WA KAYA DARAJA

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane "lamba ɗaya ne", kowa ya san yana nufin babu na gaba da shi. Manoman auduga na da can sun san wannan magana ta wata fuska daban, domin a wurinsu ita ce ke yanke yawan kuɗin da mutum zai koma gida da su bayan wahalar damina. A wannan maƙala ina son in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan sana'ar duba kaya a ba su lamba, da kuma tambayar da ke damun duk mai sayarwa: shin idan masu dubawa biyu suka kalli abu ɗaya, za su ba shi lamba ɗaya? Zan fara da audugar ƙasarmu, in leƙa kasuwar katunan 'yan wasa a Amurka, sannan in nuna inda harshe ya shigo cikin lamarin.

Malamin duba auduga

A shekarar 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wato BCGA, a birnin Mancesta. Ita ce ta gina injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau da wasu garuruwan Arewa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. A wancan zamani ba a sayar da audugar fitarwa sai a kasuwannin da gwamnati ta amince da su, kuma hukuma ce ke yanke farashi.

Manomi zai kawo audugarsa, malamin dubawa ya baza ta, ya kalli haskenta, ya ga ko akwai wadda tsutsa ta ɓata ko ta yi ja, ya duba ganye da ƙasa da suka shiga ciki. Daga nan sai ya ce lamba ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku, kowace da farashinta. Wannan tsari ya koya wa manoma tsince auduga kafin su kai kasuwa. Amma fa hukunci na idon mutum ɗaya ne, kuma tsofaffin manoma na ba da labarin yadda irin audugar da aka karɓa a lamba ɗaya a wannan kasuwa takan faɗa lamba biyu a waccan, da yadda goro kan gyara ganin wasu malaman.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga mai hedkwata a Funtuwa. Da duba ya yi rauni, sai aka yi ta kokawa da audugar da aka cuɗa da yashi ko aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi, da kuma zaren buhun leda da ke lalata ta a masaƙa. Ashe ko duban da ake ƙorafi a kansa ya fi babu. Mu ma nan Keffi mun san irin wannan a cinikin riɗi, inda mai saye kan damƙo riɗin ya murza a tafin hannu, ya yanke masa daraja nan take.

Katunan 'yan wasa

Wani zai ce ai wannan matsala ta ƙauye ce da rashin kayan aiki. To, bari mu duba inda kuɗi da kayan aiki suka taru. A Amurka da Turai akwai masu tara ƙananan katuna masu hoton 'yan wasa, irin waɗanda a da ake sakawa cikin ƙunshin cingam ko taba. Tsofaffin cikinsu sun zama dukiya. A 2022 an sayar da wani katin Pele na shekarar 1958 a kan fiye da dala miliyan ɗaya.

Da yake lafiyar kati ita ce farashinsa, sai aka sami kamfanonin da aikinsu ke nan su duba su ba da lamba. Mafi shahara shi ne PSA, wanda aka kafa a 1991 a jihar Kalifoniya. Yana ba da lamba daga 1 zuwa 10, kuma a nan 10 ce babba. Abubuwa huɗu ake dubawa: zaman hoton a tsakiyar kati, da kaifin kusurwoyi, da lafiyar gefuna, da tsabtar fuskar katin. Bayan nan sai a rufe katin cikin gidan roba, a liƙa lambar a sama. Kamfanin Beckett ma kan ba kowane ɗaya daga cikin huɗun nan makinsa daban.

Duk da haka, sanannen abu ne cewa mai katin da ya sami 9 kan fasa gidan robar, ya sake aika katin kamar sabo, da fatan ya dawo da 10. Wani lokaci ya dace, wani lokaci kuma ya dawo da 8. Da a ce duban ba ya sauyawa, da babu mai ɓata kuɗinsa a kan haka. Har ila yau, katin farko da PSA ya duba, na wani ɗan wasan besbol mai suna Honus Wagner, an ba shi lamba 8, kuma a 2007 an sayar da shi dala miliyan 2.8. A 2013 wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan katin don su yi kyan gani, alhali a ƙa'idar kamfanin katin da aka datse ba a ba shi lamba.

Inda harshe ya shigo

A ganina, babban dalilin wannan saɓani yana cikin kalmomin da ake rubuta ƙa'idar duba da su. Zaman hoto a tsakiya abu ne da ake aunawa da ma'auni, don haka gardama a kansa kaɗan ce. Amma idan ƙa'ida ta ce kati mai lamba 9 yana iya samun ƙaramin aibi guda, ina iyakar "ƙarami"? Haka in an ce audugar lamba ɗaya ta zama fara mai tsabta, Hausa na da "fara ƙal" da "fara" da "fara-fara", kuma babu wanda ya shata iyaka tsakaninsu. A darasin ilimin ma'ana mun ga cewa akwai kishiyoyin da ba su da tsakiya, kamar rai da mutuwa, akwai kuma masu hawa-hawa, kamar zafi da sanyi. Kyau da lalacewa na cikin kashi na biyu. Mai dubawa kuwa dole ne ya yanka wannan hawa-hawa gida uku ko gida goma, kuma kayan da suka faɗo a bakin iyaka su ne ke samun lamba biyu a hannun mutum biyu, ko ma a hannun mutum ɗaya da safe da kuma yamma bayan ya gaji.

Hanyoyin da ake bi a rage wannan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ajiye samfur wanda kowane mai duba zai kwatanta da shi, kamar akwatunan samfurin auduga da ma'aikatar gona ta Amurka ke shiryawa. Akwai sa mutum fiye da ɗaya ya duba, da ɓoye masa sunan mai kaya. Akwai kuma na'ura: tun 1991 da na'ura ake auna tsawon zare da ƙarfinsa a audugar da ma'aikatar gonar Amurka ke dubawa, kuma a 2021 PSA ya sayi wani kamfanin da ke duba kati da kwamfuta. Masu duba takardun jarrabawar WAEC ma sukan taru su fara duba takardu iri ɗaya, don hannunsu ya zo daidai.

Kammalawa

Da yawa daga cikinmu za su zama malamai masu duba insha'i, wasu kuma masu fassara ƙa'idoji ga manoma da 'yan kasuwa. Shawarata ita ce, duk inda muka rubuta "kaɗan" ko "sosai" ko "mai kyau" a cikin ƙa'idar da za a yanke wa wani hukunci da ita, mu biyo ta da adadi ko da misali, domin makin ɗalibi ko kuɗin manomi na rataye a kan wannan kalma. Allah ya sa mu zama masu adalci a awo.