Tattaki a Gaɓar Baro

Tun kafin a san tirela a kasuwar Dandume, wani kaso na gyaɗa da audugar Arewa ta ruwa yake fita waje. Mafitarsa ita ce Baro, wani ɗan gari na Nufawa a bakin Kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja.

Wanda ya bi gaɓar nan a ƙafa, ba gaggawa, da dogo zai fara yin kiciɓis. Ƙarfen ya yi tsatsa, ciyawa ta ci ƙarfinsa, awaki na kiwo a tsakanin layuka. Daga nan aka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan jirgin ƙasa ne, har layin ya isa Kano a 1911. Su kansu ƙarafan ta ruwa suka iso, a wannan gaɓa aka sauke su. In ka ɗaga kai ga tudun da Turawa suka laƙaba wa Empire Hill. A ƙasa kuwa masunta ne ke gyaran koma kusa da kwale-kwalensu, hayaƙin bandar kifi na tashi.

Baro ba ta daɗe tana cin kasuwarta ita kaɗai ba. A 1912 aka haɗa layin da na Legas a Minna, da aka gama gadar Jebba a 1916 kuma sai kaya suka riƙa zarcewa bakin teku. Duk da haka, in kogi ya cika daga tsakiyar damina zuwa kaka, jiragen kamfanin Niger Company kan yi lodi su gangara tashar Burutu. Yashi da motocin dakon kaya ne suka ƙarasa Baro.

A ƙarshen tattakin ne raina ke ɓaci. Ga sabuwar tashar da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2019, amma shekaru suka shuɗe ba jirgin kaya, ba dogo mai aiki, hanyar Agaie zuwa Baro kuma ta daɗe ba a kammala ta ba. Turawan mulkin mallaka, duk da don aljihunsu suka yi, tashar da hanyarta tare suka gina su.

Rashin aikin tashar ya shafe mu a Dandume. Buhun masarar da ke tafiya Kudu a bayan tirela, ɗan kasuwa sai ya lissafa kuɗin gas da na shingayen hanya kafin ya taya, kuma daga farashin manomi ake zabge su.