Ɗurin Bindiga a Wajen Maharban Tsuntsu na Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tarihin baka ya nuna cewa garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da ke wurin. Ashe ke nan harbi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Abin da ya shigo daga baya shi ne bindiga, kuma kalmomin da ake amfani da su sun isa shaida. Kalmar bindiga daga Larabci take, wato bunduƙiyya. Albarushi kuwa daga albarud. Harsashi ma asalinsa arrasas, wanda a Larabci dalma yake nufi kawai. Shugaban maharba kuwa har yau Sarkin Baka ake ce masa, ko da ya shekara talatin bai ɗana kibiya ba.

A Amurka da ƙasashen Turai, maharbin tsuntsu yakan tara kwanson harsashin da ya harba, ya sake cika shi a gida da ƙaramar na'ura mai awo. Maharbin Kurfi da ke riƙe da harba-ka-ruga, wadda maƙeri ya ƙera masa, shi ma aikin nan yake yi, sai dai a cikin bututun bindigar yake yin sa, kuma kowane harbi da nasa ɗuri. Yakan zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma ko ɓawon itace mai laushi ya danna da sanda, sa'an nan ya zuba 'ya'yan dalma ko guntayen ƙarfe, ya sake toshewa don kada su zube in ya sunkuyar da bindiga. Shi ya sa Bahaushe yake cewa an ɗura bindiga, kamar yadda ake ɗura ruwa a gora.

To, gwaninta tana wajen daidaita ɗurin da irin tsuntsun. Zabon daji yana da kaurin gashi, ga shi ba ya bari a matso shi, don haka yana bukatar 'ya'ya manya-manya. Fakara da hasbiya da kurciya kuwa ƙanana ake sa musu, masu yawa, don su watsu. In aka yi wa kurciya ɗurin zabo, gashi kaɗai za a tsinta. Awon duk da ido ne da tafin hannu, kuma nan haɗarin yake: in albarushi ya yi yawa, ko kuwa an manta an yi ɗuri a kan ɗuri, bututun yakan fashe ya tafi da yatsu ko ido. 

Dokar makamai ta 1959 ta ware bindigogin ɗuri a rukuni na dabam da masu cin harsashin kwanso. Amma tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Rugu, a yamma da garuruwan nan biyu, fita harbi da asuba ta ragu ƙwarai. Bindigar da aka ƙera don fakara ta koma ta gadin ƙauye, kuma samari da yawa da suka iya ɗura ta ba su san bambancin ɗurin zabo da na kurciya ba.