Ragamar Shanu da Yadda Ake Yin Ta a Gida

Shanun da aka san ƙasar Sakkwato da su su ne Gudale, waɗanda ake kira Bokolo. Farare ne ko masu ruwan toka, ga tozo, ga sakakkiyar fata a wuya, ƙahoninsu kuwa gajeru ne ƙwarai, wasu ma kamar babu. Mai Bunaji ko Rahaji in zai kama sa, sai ya jefa igiya a gindin ƙaho ta zauna daram. Mai Gudale ba shi da inda zai maƙala ta, saboda haka sai ya zarga ta a wuya. A Horo Birni da sauran garuruwan ƙasar Shagari da Bodinga, inda magidanta kan turke sa ɗaya ko biyu domin noma ko kiwon Layya, ba wuya a ga irin wannan ɗauri.

Illarsa biyu ce. Ta fari, zarge yana matsewa ne, ba ya sakewa da kansa. In sa ya firgita da dare ya fizga, ko ya kewaye turke har igiya ta ƙare, sai ta shaƙe masa maƙogwaro. Kafin mai gida ya fito da wuƙa ya zama mushe, ba nama, ba kuɗi, wahalar shekara guda ta tafi a banza. Ta biyu, ƙarfin sa a wuya da kafaɗa yake, shi ya sa nan ake ɗora masa karkiya. Wanda ya ja shi ta wuya ya kama shi ta inda ya fi ƙarfi, ƙato uku ma yana iya jan su a ƙasa. Amma inda kan dabba ya juya, nan jikinta ke bi. Aikin ragama ke nan: ta riƙe kai, ta bar wuya.

Wani zai ce ai ga igiyar hanci. Gaskiya ne, tun da Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu a 1928, huda hanci ya zama abin da aka saba yi wa shanun garma, yana kuwa da amfani ga bijimi mai taurin kai. Sai dai ba a huda maraƙi ƙarami, ba a cika huda saniyar tatsa ba. In kuma yaro ya fizgi igiyar da fushi har hancin ya yage, san nan ba ya ƙara sarrafuwa yadda ya kamata, kuɗinsa ma ya faɗi a kasuwa. Ragama ba ta bukatar a ji wa dabba rauni ko kaɗan.

Igiyar da ta dace

Igiyar rama ta fi kowace kyau. Rama tana fita a gefen gonakin wannan ƙasa ba tare da wata wahala ba. A ƙarshen damina a sare ta, a jiƙa a ruwa har ɓawon ya saki, a saɓule, a wanke, a shanya. Igiyarta tana da laushi, ba ta goge fatar fuska, ƙulli kuma yana zama a jikinta. Igiyar kaba tana da kaushi, ta fi dacewa da ɗaurin kaya. Ta roba da ake sayarwa a kasuwa tana da ƙarko, amma santsi gare ta, tana ƙona hannu in sa ya fizga, gutsattsarinta kuma in dabba ta haɗiye ba sa narkewa, mahauta sun sha samun su a dunƙule cikin tumbi. Wanda zai yi da ita ya ƙona bakinta biyu da wuta don kada ta warware.

Ko wace iri ce, lalle ta zama an tufka ta da sili uku, kaurinta kamar ɗan yatsa, watau rabin inci. Siririya tana yanka. Tsawo kuwa gaba biyu da rabi, kamar ƙafa 15, ya ishi babban sa. Maraƙi gaba biyu.

Yadda ake haɗa ta

Da fari a naɗe bakin igiya biyu da zare mai ƙarfi. Sa'an nan daga baki ɗaya a auna abin da zai ratsa bisa hancin dabbar daga kunci zuwa kunci. Ga babban sa, taƙi ɗaya da rabi ne ko ya ɗara kaɗan, kamar inci 14. Gara dai a gwada a fuskar dabbar da a yi kirdado. A riƙe wurin da awon ya tsaya. Yanzu igiya ta kasu biyu, gajeren ɓangare da dogo.

A wurin nan za a yi zobe na fari. A murɗa dogon ɓangaren baya har silin su buɗe, a cusa bakin gajeren ta tsakaninsu, a ja har ya rage ɗan zobe wanda igiyar za ta wuce ta cikinsa a sake. Daga nan a buɗe silin gajeren dab da zoben, a zura dogon ta ciki, a jawo shi duka. Wannan zuri na biyu shi ke kulle zoben, wanda ya tsallake shi zai ga zoben yana zamewa ran da sa ya fara ja. Zobe na biyu a ƙarshen gajeren ɓangaren ake yin sa: a lanƙwaso bakin, a saƙa shi cikin silin igiyar sau uku, a naɗe da zare.

Abin da ya rage zuri ne kawai. A ɗauki bakin dogon ɓangaren a zura ta zobe na biyu, sa'an nan ta zobe na fari. Ragama ta haɗu, ba ƙarfe, ba fata, ba ɗinki.

A fuskar dabba ga yadda take zama. Zobe na fari yana kuncin hagu. Gajeren ɓangaren ya ratsa bisa hanci zuwa kuncin dama. Dogon ya hau ta kuncin hagu, ya bi bayan kunnuwa, ya sauko ta dama cikin zobe na biyu, ya bi ƙarƙashin haɓa, ya fito ta zobe na fari, saura ya zama abin ja. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ta a kife, ɓangaren da ke matsewa ya koma bisa hanci. Alamar an sa daidai ita ce in an ja, ƙarƙashin haɓa ne ke matsewa. Igiyar bisa hanci kuma ta zauna a kan ƙashi, tsakanin ido da ƙofar hanci. In ta yi ƙasa ta danne wuri mai taushi ta hana numfashi, in ta yi sama ta shiga ido.

Tun yana maraƙi ya kamata a saba masa. A sa masa na ɗan lokaci kowace rana, a ja, da ya tako a sassauta, domin sassaucin nan shi ke koya masa biyayya. In za a ɗaure shi da ita, a yi ƙulli mai kwancewa da fizga ɗaya, kada kuma a bar shi ya kwana da ita a matse, haɓa tana kumbura. Ragamar da aka sa wa dabba mai kirci kada a sa wa wata sai an wanke ta da sabulu an shanya.

Ranar allura

Ranar da malaman dabbobi suka zo gari ake ganin bambanci. Ciwon bushiya ya yi wa shanun Arewa mummunar ɓarna shekaru da yawa, har aka shiga babban yaƙi da shi da allura a 1962. Ya sake dawowa a 1983, sai a 2011 aka tabbatar ya ƙare a duniya duka. Amma ciwon huhu da saifa da harbin daji suna nan, maganinsu kuwa rigakafi ne. San da ya tsinke ya gudu ba a yi masa ba, shi zai koma cikin 'yan'uwansa da cutar. San da ke da ragama mutum biyu sun ishe shi, ɗaya ya juya kansa gefe, malami ya yi aikinsa.

Saboda haka ana roƙon iyayen ƙasa, in sun sami takardar ranar allura, su sa malamansu su haɗa da wannan bayani cikin saƙon da za a aika wa masu gari. A nemi wani mai tufka a gari ya haɗa guda ɗaya a ƙofar fada jama'a na kallo, gani ya kori ji. A rataye ta a zaure domin mai son ya kwaikwaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, sa'ad da aka fid da rama daga ruwa.