Itacen gona da ladan barinsa tsaye a Birnin Kudu da Gwaram

A gonakin Birnin Kudu da Gwaram, kudancin Jihar Jigawa, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna tsaye a tsakiyar dawa da gero, kuma kowace bishiya da mai ita. Ɗorawa ana gadonta kamar gona. Mata su bare kalwa su dafa daddawa, a busar da ganyen kuka don miya. Gawo kuwa yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki.

Duk wannan amfani a hankali yake zuwa. Mai gawayi shi kuɗi a hannu yake kawowa. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan Agusta, aka yi masa tayin kiryar da ke bakin gonarsa, da wuya ya ce a'a, kuma babu adalci a zarge shi. Daga nan tunanin biyan manomi don ya bar itace tsaye ya samo asali. Amurka tana biyan manoma hayar gonar da suka hutar tun dokar 1985, Kosta Rika kuma tana biyan masu daji tun 1997.

A Jigawa tallafin ya fi zuwa ta ƙungiya, ba aljihun mutum ɗaya ba. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, yana raba dashe, yana kuma ba ƙungiyoyin manoma rance mai juyawa. Sai dai dashe yana buƙatar ban ruwa da shinge har ya fi ƙarfin akuya, kuma wannan wahalar a kan manomi take.

Darasi mafi kusa yana Maraɗi. A yunwar 1984 an riƙa ba manoma hatsi da sharaɗin su bar tohon kututture a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. Da rabon ya tsaya, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka samu itacen girki da harawa da ƙarin amfanin gona, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin ya kankama ne bayan jami'an gandun daji sun sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne. Yau ana ƙiyasta irin waɗannan gonaki sun kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Wannan tabbacin shi ne ke da rauni a nan. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma yawancin gonakin karkara ba su da takarda, sai shaidar mai unguwa da dagaci. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya renon ɗorawar da za ta shekara kusan goma kafin ta fara 'ya'ya, ko nawa aka ba shi bana.