Duwatsun Abuja Na Jiran Masu Zane

Duk wanda ya shiga falon wani babban ma'aikaci a Garki ko Wuse, da wuya bai ga hoton nan da ake ratayewa a bango ba: dutse mai tsini da ƙanƙara a kansa, tafki shuɗi a gindinsa, ga itatuwa irin waɗanda ba su tsira a ƙasarmu. Irinsa ne 'yan'uwanmu na Agege a Ikko da na Sabo a Badun ke saya su ƙawata ɗaki. Dalilin farin jininsa a fili yake, domin malamai da yawa sun hana rataye surar abu mai rai, amma ba su hana ta dutse da ruwa da itace ba. To, abin mamaki shi ne mai zanen yana zaune a Abuja, garin da duwatsu suka kewaye, amma duwatsun Suwizalan yake kwaikwayo daga kalanda.

Ga Dutsen Zuma a kan hanyar Kaduna, kusa da Madalla. A cikin Jihar Neja yake, ko da yake kowa na kiransa ƙofar Abuja. Ya tashi sama da mita 300 daga filin da ke kewaye da shi, kuma a jikinsa akwai alama kamar fuskar mutum, da ido da hanci da baki. Gwarawa sun fake a wajensa zamanin yaƙe-yaƙe. Da damina ruwa na gangarowa ya bar masa zane baƙi-baƙi, da hunturu kuwa hazo ya lulluɓe shi har sai ƙeyarsa kaɗai ake hange. Watau dutse ɗaya ne, amma mai zane zai iya shekara a gabansa bai maimaita hoto ba. Babban Bankin Nijeriya ya gane darajarsa, ya sa shi a bayan takardar Naira 100 da ya fitar a 1999. Ga kuma Dutsen Aso a bayan fadar shugaban ƙasa, da ruwan madatsar Usuma kwance tsakanin tsaunuka ta wajen Bwari.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen ado ne kawai. A Amurka, wani mai zane, Thomas Moran, ya bi ayarin masu binciken ƙasa zuwa dajin Yellowstone a 1871. Hotunan da ya kawo suna cikin abin da ya jawo hankalin 'yan majalisar ƙasar, waɗanda galibinsu ba su taɓa taka wurin ba, har suka kafa doka a 1872 suka keɓe dajin, aka hana kowa mallakarsa. Majalisar ma ta sayi babban hotonsa a kan dala 10,000.

Duwatsun Abuja suna bukatar irin wannan gata. Tun da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, har gwamnati ta ƙaura daga Ikko a watan Disamba na 1991, da tsakuwar duwatsun nan ake ta gina birnin. A Mpape an fasa dutse da nakiya har aka bar wani ƙaton rami, ruwa ya taru a ciki ya zama tafki tsakanin bangaye masu tsawo. A 2020 samari suka yi ta yaɗa hotunansa a intanet, jama'a suka riƙa tururuwa suna cewa kamar Turai. Kai, abin da ban dariya: sai da aka cinye rabin dutsen kana aka ga kyansa! A wannan Mpape ɗin ne ƙasa ta yi motsi a watan Satumba na 2018, har hukuma ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci.

Masu zanen suna da tasu hujjar, cewa abin da mai saye ke nema shi suke yi, kuma mai saye ƙanƙara yake so. Amma ɗan Arewa da ya shekara goma a Ikko bai ga dutse ba sai gada da teku, in aka ajiye masa Zuma cikin hazo a gefen dutsen Turawa, ba a ce na Turawan zai ɗauka ba.