Mota Ta Sha Ado, Yaya Birkinta?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Mutanen Nguru da Gashuwa, da na Jajimaji da ke tsakani, da na Machina da Yusufari can bakin rairayi, barkanmu da wannan lokaci. Shirinmu na musamman na yau zai tsaya ne a ƙofar gida, inda mai mota kan naɗe hannun riga da safiyar Juma'a, ga bokiti, ga tsumma, ga sabuwar sitika da ya sayo a kasuwa.

Son yi wa mota ado tsohon abu ne a ƙasar nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama ƙarshen layin dogo. A wancan zamani, gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi sai an kawo su nan, wanda kuma zai nausa gabas zuwa Gashuwa da Gaidam sai ya nemi abin hawa na ƙasa. Dattawa na tune da manyan motoci masu bodin katako, an zana musu zaki da mikiya, an rubuta addu'a a goshi. Yau Golf ce da Sharon da Kanta da Hilux, amma halin bai sauya ba: rigar sitiyari, labule a gilashin baya, fitilu masu walƙiya a ƙarƙashin bamba, da sunan ɗan auta a jikin but.

Babu laifi a wannan. Mai mota na iya yin kwalliya da yawa da hannunsa ba tare da ya biya kowa ba, in ya san ƙasar da yake ciki. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Wanda ya goge ta da busasshen tsumma, fentinsa yake kankarewa. A fara kwarara ruwa, sannan a sa hannu. Omo na cinye ƙyallin fenti. Fitilar gaba da rana ta mayar rawaya kuwa, man goge haƙori da tsumma mai laushi kan haska ta, ko da yake bayan 'yan watanni sai an sake. Gilashi mai duhu kuma akwai doka a kansa tun 1991, sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne adon da ke taɓa birki ba tare da mai shi ya lura ba.

Ɗauki kafet. Mutum ya yanko darduma mai kauri ya shimfiɗa a kan ta asali, don kada yashi ya ɓata. Tafiya ta yi tafiya, sai ta zame gaba ta naɗe a ƙarƙashin feda. A 2009 kamfanin Toyota ya kira motoci kusan miliyan 4 a Amurka saboda tabarmar ƙafa da ke maƙale totur. Tabarmar da injiniyoyi suka auna ke nan, balle wadda aka yanka da reza a tsakar gida. Haka gorar ruwa da ke yawo a ƙasan kujerar direba. Sai masu liƙa baƙar leda a kan danjar baya don ta yi kyau: ka taka birki cikin hazon Janairu, na bayanka bai gani ba. Sai masu sa manyan wili da suka fi ƙarfin motar, nauyin da birki zai tsayar ya ƙaru. Sai masu fesa man ƙyalli a taya, ya fantsama kan faifan birki ya mai da shi santsi.

(Ƙarar mota tana wucewa)

Jama'a, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Nguru zuwa Gashuwa, kilomita 60 da ɗoriya, babu gangaren da zai sa direba ya riƙe numfashi. Direban Jos ko na Mambila, dutse kan tona masa asirin birkinsa kowace rana. Namu kuwa yana iya shafe watanni da rabin birki, yana rage gudu da giya, yana cewa ai ya san motarsa. Ranar da garken shanu ya ɓullo daga ciyawa, ko amalanke ta shigo titi da magariba ba fitila, ranar ce zai san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Littafin dokokin hanya na Ingila ya yi lissafin: a gudun kilomita 48 a awa, mota mai lafiyayyen birki na cin kimanin mita 14 bayan an taka, a gudun 96, sai ta ci mita 55. Gudu ya ninka sau 2, nisan tsayawa ya ninka kusan sau 4. Wannan lissafin busasshiyar kwalta ne, ba na Sharon mai buhunan shinkafa da kwalayen kifi banda har rufi ba.

Abin da ke cin birki a nan guda uku ne: yashi, ruwa da lodi. Yashi na shiga tsakanin fad da faifai yana ci kamar dutsen wasa wuƙa. Ruwa kuwa, mu da muke zaune cikin fadamun Haɗeja da Nguru da bakin kogin Yobe mun san damina; wanda ya ga ambaliyar 2022 a Gashuwa ba ya bukatar bayani. Duk motar da ta ratsa ruwa, birkinta ya jiƙe, musamman na baya mai duram. Da ka fito, ka tafi a hankali kana ɗan taka birki sau da yawa har ya bushe ya kama.

To, me mai mota zai duba da kansa? Ya buɗe bonet, ya nemi ɗan farin kofin man birki a gefen direba. Akwai layi biyu a jikinsa, man ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa, kada a yi saurin cikawa a rufe. Man birki ba ya ƙonewa yadda baƙin mai ke yi. In ya ragu, ko dai fad ya cinye, ko kuwa akwai inda yake yoyo. A leƙa bayan kowace taya a ga ko akwai danshi. A duba launinsa kuma. Sabo garau yake, in ya koma baƙi ya tsufa.

Dalilin tsufansa shi ne yana shan danshin iska. Sabon mai samfurin DOT 3 sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuwa 230. In sun sha ruwa, sai su sauko zuwa 140 da 155. Man da ya tafasa tururi yake zama, tururi kuma matsuwa yake yi, sai feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara 2. Lambar da ta dace da motarka tana rubuce a kan murfin kofin. Ruwan omo da wasu ke ɗurawa in man ya ƙare a daji, tsatsa yake haifarwa, kuma a digiri 100 yake tafasa. Baƙin mai ko man giya, kumbura robobin masta suke yi har su lalace. Mai son kwalliya kuma ya kula: ɗigon man birki a kan bodi yana ɗaye fenti, a wanke shi da ruwa nan take.

Sauran binciken na kunne ne da ƙafa. Ƙara siririya in an taka, fad ne ke sallama. Gurnanin ƙarfe da ƙarfe, an makara, faifai ake ci, kuɗin gyara ya ninka. In mota na fizgar gefe guda, ko sitiyari na rawa, ko feda ta yi laushi, duk saƙo ne. Ta ramukan wili ana iya hango kaurin fad da tocila. Sabo kan kai milimita 10, in ya sauko 3 a sauya.

Wanda ya iya riƙe sifana zai iya sauya fad na gaba a gida, amma da sharaɗi. Jak ba ya tsayuwa a kan rairayi, sai an sa masa faffaɗan katako, an tare tayoyin baya, an kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar. Dama da hagu tare ake sauyawa. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyo, a ɗaure ta da waya. Kada a hure ƙurar birki da baki, don wasu fad masu araha na ɗauke da sinadarin asbestos mai illa ga huhu. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Giris kada ya taɓa fuskar fad. Bayan an ɗaure komai, kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, a yi ta taka feda har ta yi tauri, domin takun farko fanko yake zuwa. Sannan a gwada a fili, nesa da yara.

Cire iska daga layin birki, gyaran masta, sauya fayif da ya yi tsatsa, da duk abin da ya shafi fitilar ABS in ta kama, waɗannan na bakanike ne. Shi ma ka tsaya a kansa, ka ga kwalin kayan da ya sa, ka karɓi tsohon da ya cire. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da na VIO kan sa direba ya taka birki su ga danja ta kama. Wannan ɗanka ma zai iya yi maka: ya tsaya a baya, ka taka, ya faɗa maka ko duka biyun sun kawo wuta.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)